Tafinta, mata da harsunan 'yan asali: fage ɗaya ne a jami'a ko uku?

Safiyya_Harshe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga malamanmu na jami'a da ke zauren nan ce. A 'yan shekarun nan ana samun masu bincike, musamman a kan Meksiko da Peru da Ostireliya, da ke haɗa abu uku a aiki ɗaya: tafinta, batun jinsi, da farfaɗo da harsunan 'yan asalin ƙasa. Wasu malamai na cewa hatsin bara ne, babu sashen da zai ɗauki mai irin wannan digiri, don shi ba masanin nahawu ba, ba kuma masanin shari'a ba. Haka ne? Wanda zai yi digiri na uku a nan, me zai tattara a matsayin hujja, ina zai samu kuɗin bincike, kuma wane aiki ke jiransa idan ya gama?

MalamTafinta:
Wa alaikumus salam Malama Safiyya. Abubuwan uku wuri ɗaya suke haɗuwa, wato ɗakin da ake yi wa mutum tambaya da harshen da ba ya ji. Ɗauki Meksiko. A 2003 aka yi dokar haƙƙin harsunan 'yan asali, ita ce ta kafa INALI, hukumar kula da harsunan 'yan asali ta ƙasar. Kundin da hukumar ta fitar a 2008 ya ƙirga dangin harsuna 11, rukuni 68, kare-kare 364. Harshen Mistek kaɗai na da kari 81, na Zapotek 62. Sai kotu ta ce a kawo mai jin Mistek, a kawo mutumin wani kwari daban wanda shi da wanda ake tuhuma da ƙyar suke fahimtar juna, amma a takarda a rubuta an ba da tafinta. Ƙidayar 2020 ta nuna sama da mutum miliyan 7 na magana da harshen 'yan asali, kuma cikin waɗanda ba sa jin Sifaniyanci mata sun fi yawa, saboda maza ne suka fi fita ƙwadago da daɗewa a makaranta. Ke nan mai buƙatar tafinta sau da yawa mace ce, wanda ake jawowa a gaggauce kuma mijinta ne, ko ɗanta, ko wani ma'aikaci ɗan garin. Ga jinsi ya shigo da kansa, ba wanda ya cusa shi.

Barista_Rabi:
Bari in ba da misalin da ke rubuce a kundin shari'a. Valentina Rosendo Cantú da Inés Fernández Ortega mata ne 'yan ƙabilar Me'phaa a jihar Guerrero, sojoji suka yi musu fyaɗe a 2002. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka ta yanke hukunci a kan ƙararrakin biyu a watan Agusta 2010, ta kama gwamnatin Meksiko da laifi. Cikin abin da kotun ta ambata akwai rashin ba su tafinta lokacin kai ƙara. Valentina, wadda shekarunta 17 a lokacin, mijinta ne ya zama bakinta a gaban hukuma. Ku duba abin da hakan ke nufi: mace za ta faɗi dalla-dalla abin da aka yi mata, ta bakin mijinta, a gaban maza. Dole ta rage, shi ma dole ya rage. Daga baya lauyan ɗaya ɓangaren ya ɗauko bayanin farko da na biyu ya ce sun saɓa. Akwai kuma Jacinta Francisco Marcial, 'yar Otomi a Querétaro, da aka kama a 2006 bisa zargin garkuwa da jami'an tsaro shida, aka yanke mata shekara 21 a shari'ar da aka yi ba tafinta. An sake ta a 2009, hukuma ta nemi gafararta a bainar jama'a a 2017.

Dan_Katagum:
Barista, duk wannan gaskiya ne, amma aikin lauyoyi ne da masu fafutuka. Kundin digiri na uku a kimiyyar harshe ba ya tsayuwa a kan hukuncin kotu. Ina bayanan harshen? Me za a auna?

Dakta_Zinariya:
Malam Dan_Katagum, abin da ake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin abin da aka faɗa da abin da tafinta ya isar. Ga yadda ake yi. Da farko naɗar murya: kowane mai magana da makirufonsa na liƙawa a riga, kowa a layinsa, a tsarin WAV, kilohaz 48, ba MP3 ba. In an haɗa kowa a makirufo ɗaya, wurin da suka yi magana tare ya ɓace, kuma nan ne tafinta ke yawan zubar da magana. Sannan a zuba a manhajar ELAN, wadda cibiyar Max Planck ta Nijmegen ta ƙera, kyauta ce. A buɗe aƙalla layi huɗu: asalin maganar a harshen, abin da tafinta ya ce, fassarar kalma bayan kalma, da fassarar wani ƙwararren mai harshen wanda bai ji abin da tafinta ya ce ba. Layi na huɗun shi ne ma'auni. In wanda ya yi shi ya riga ya ji fassarar tafinta, kunnensa ya gurɓata, zai bi ta ba da saninsa ba.

Bayan nan a rarraba kowace gaɓa. Rabon da Cecilia Wadensjö ta Suwidin ta yi a 1998 har yanzu shi aka fi amfani da shi: fassara ta kusa, wadda aka faɗaɗa, wadda aka rage, wadda aka musanya, wadda aka taƙaita, maganar da ba a fassara ba sam, da maganar da tafinta ya yi ta ƙashin kansa. Sai a tambaya: ragin ya fi yawa a ina? A maganar jiki da haila da haihuwa? Ya canza idan tafinta mace ce? Ya canza idan ɗan garinsu ne? Wannan kimiyyar harshe ce tsantsa.

Umar_Nahawu:
Dakta ba ta faɗi lokacin da yake ci ba, kuma shi ke karya ɗalibai. A harshen da bai da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, minti ɗaya na magana na iya cin awa guda kafin a rubuta, a fassara, a duba. Wanda ya rubuta a tsarin bincikensa cewa zai yi nazarin awa 50 na shari'a bai yi lissafi ba. Awa 8 zuwa 10 da aka yi wa aiki mai kyau sun ishi kundi.

Ga kuma misalin nahawu da zai gamsar da Dan_Katagum. A Kechuwa, harshen 'yan asali na Peru da maƙwabtanta, akwai ɗafa-ƙeya da ke nuna daga ina mai magana ya san abin: -mi ga abin da ya gani ko ya tabbatar, -si ga abin da aka gaya masa, kamar "wai" ɗinmu, -chá ga zato. Sifaniyanci bai tilasta wannan bambanci. In tafinta ya watsar da -si, shaidar ji ta koma shaidar gani a kunnen alƙali. In kuma ya yi ta cewa "an ce, an ce", sai mai shaida ta yi kama da mai kame-kame. Ko ta wace hanya hukunci na iya karkata saboda gaɓa ɗaya.

Dan_Katagum:
Na yarda da wannan. Amma wace kotu ce za ta bar ɗalibi ya naɗi shari'ar fyaɗe?

Barista_Rabi:
Kusan babu, kuma daidai ne su hana. Hanyoyi uku ake bi. Ɗaya, shari'un da aka riga aka yi a fili. A Gwatamala, shari'ar Sepur Zarco ta Fabrairu 2016, inda mata 'yan Q'eqchi' suka kai ƙarar bautar da su da aka yi a sansanin soja a shekarun 1980, an yi ta ne da tafintoci, kuma an nuna bidiyon shaidar da matan suka bayar tun 2012. An ɗaure mutum biyu, ɗaya shekara 120, ɗaya 240. Biyu, sauyin da Meksiko ta yi a 2008, wanda ya kammala aiki a 2016, ya mai da shari'ar laifi ta baka kuma ana naɗarta. Kafin nan fayil ɗin Sifaniyanci kawai ke ɗauke da shi, asalin maganar mutum ta tafi har abada, ba yadda za a gane kuskuren tafinta. Uku, kwaikwayo: a rubuta zaman asibiti ko na ofishin mai gabatar da ƙara tare da ungozomomi da lauyoyi, a sa tafintoci na gaske su yi aiki, a naɗa. Rauninsa shi ne babu tsoro, babu kuka, kuma su ne ke sa tafinta ya rikice a zahiri. Dole a faɗi wannan raunin a cikin kundin.

Jikan_Tarihi:
Kada a manta tarihin ma da mace ya fara. Malintzin, wadda ake kira Malinche, ita ta yi wa Cortés, madugun Sifaniyawan da suka ci Meksiko da yaƙi, tafinta daga 1519. Da farko ma ta hanyar miƙa-miƙa ne: ita ta juya Nahuwatal zuwa Maya, Gerónimo de Aguilar ya juya Maya zuwa Sifaniyanci. Baiwa ce da aka ba da ita kyauta, amma har yau sunanta ne ake zagin maci amana da shi a Meksiko. A Afirka ta Kudu ma akwai Krotoa, 'yar Khoi da ta yi wa Holandawa tafinta a zamanin Jan van Riebeeck. Babi guda na tarihi ba ya rasa wuri a irin wannan kundi.

Dakta_Zinariya:
Babi guda, ba fiye ba. An yi rubutu mai yawa a kan Malintzin, ɗalibi zai iya nutsewa a ciki shekara biyu bai ƙara komai ba. Amfaninsa shi ne bayyana dalilin da ya sa tafinta mace a ƙauye ke fuskantar zargin cewa ta zama 'yar gwamnati. Wannan zargin yana nan da ransa, kuma yana cikin abin da ke sa wasu barin aikin, tare da biyan kuɗi na zama-zama da ake jinkirtawa, da nauyin jin labarin cin zarafi a faɗe shi da bakinka da "ni" ba tare da wani mai ba da shawara ba.

Abu_Hafsat:
Ni inda nake da ja shi ne ƙafa ta uku. Tafinta ba ta farfaɗo da harshe. Tafinta hidima ce ga wanda bai iya harshen hukuma ba, kuma waɗannan tsofaffi ne. Harshe a gida yake rayuwa ko ya mutu. Dubi Mawori a Niyu Zilan: abin da ya juya lamarin shi ne kōhanga reo, gidajen renon da aka fara a 1982, inda kakanni ke zama da yara ƙanana ba a magana sai da Mawori. Hawayi ta kwaikwaya da Pūnana Leo a 1984. A Kalifoniya tsarin gwani da almajiri da Leanne Hinton da ƙungiyar 'yan asalin jihar suka fara a 1992 ya tsaya ne a kan awa 10 zuwa 20 a mako, mutum biyu, ba Turanci, har shekara uku. A duk waɗannan ƙa'ida ta farko ita ce hana fassara. To ta yaya za a ce tafinta na cikin farfaɗowa?

MalamTafinta:
Abu_Hafsat, a aji ka yi gaskiya. Amma me ke sa uwa ta yanke shawarar daina yi wa ɗanta harshen? Ta ga an wulaƙanta ta a asibiti, ta ga babu aikin da harshen ke kawowa. Peru ce misali. A 2011 aka yi doka mai lamba 29735 kan harsunan asali, a shekarar kuma aka yi dokar tuntuɓar al'umma kafin a taɓa ƙasarsu, bayan rikicin da aka yi tsakanin 'yan asali da 'yan sanda a Bagua a 2009. Tuntuɓar ba ta yiwuwa ba tafinta, shi ya sa ma'aikatar al'adu ta fara horar da su daga 2012, ta buɗe rajista ta ƙasa. Ƙasar ta amince da harsuna 48. A shari'ar Bagua ɗin kanta an yi amfani da tafintocin Awajún da Wampis, aka wanke waɗanda ake tuhuma a 2016. Abin da ya biyo baya shi ne matashi ya ga harshen kakarsa na iya zama sana'a, kuma dole aka zauna aka samar da kalmomin "ɗaukaka ƙara" da "amincewa" da "gwajin jini". Rosaleen Howard da Raquel de Pedro Ricoy da Luis Andrade Ciudad sun yi nazarin waɗannan tafintoci, suka nuna yadda da yawansu ke ɗaukar kansu masu kare harshen, ba masu isar da saƙo kawai ba. Mawori ɗin ma da ka kawo, dokar 1987 ce ta ba da damar magana da shi a kotu, ta kuma ba hukumar harshen ikon ba tafintoci lasisi.

Abu_Hafsat:
Kalmomin da kwamiti ya ƙirƙira a babban birni, tsohuwar ƙauye ba ta san su ba. Tafinta ya faɗi sabuwar kalma, ita ta gyaɗa kai, ba ta fahimci komai ba. An raya harshe a takarda, an cuci mai shi.

Umar_Nahawu:
Wannan ja-in-jar taku ita ce tambayar bincike mafi kyau da aka kawo tun fara zaren nan. Ana iya gwada ta: a ɗauki kalmomi 30 daga ƙamus ɗin hukuma, a gwada fahimtarsu a wurin mata da maza, tsofaffi da matasa, a garuruwa biyu ko uku, a kwatanta da bayanin zagaye da ƙwararrun tafintoci ke yi da aron Sifaniyanci. Sakamakon zai amfani masu horarwa kai tsaye.

Maman_Ilham:
Ina so in koma kan jinsi, don ana yawan taƙaita shi ga "mata su ne masu riƙe harshe". Ba kullum ba. Susan Gal ta nuna tun 1978 a garin Oberwart na Ostiriya cewa 'yan mata ne suka riga kowa barin Hangariyanci zuwa Jamusanci, don gudun rayuwar noma da auren manoma. Wato mata kan zama na ƙarshe da ke riƙe da harshe a wani wuri, na farko da ke sakinsa a wani, kuma dalilin tattalin arziki ne. Sannan a farfaɗowa nauyin aikin a kansu yake: Hana Te Hemara ce ta miƙa wa majalisar Niyu Zilan takardar koke mai sa hannu sama da 30,000 a 1972, Katerina Mataira da Ngoingoi Pēwhairangi suka kafa tsarin koyarwa na Te Ataarangi, Jessie Little Doe Baird ta fara dawo da harshen Wampanoag na Amurka a 1993 daga tsofaffin takardu bayan an daɗe babu mai magana da shi. Mai bincike ya tambaya: wa ake biya, wa ke yi kyauta, sunan wa ke fitowa a littafi?

Akwai kuma ɓangaren nahawu. A Yanyuwa na arewacin Ostireliya maza da mata kari daban suke yi. A harshen Lakota na Amurka ƙarshen jimla na nuna mai magana namiji ne ko mace. In masanin da ya rubuta harshen da maza kawai ya zauna, littafin koyarwa zai koya wa 'yan mata maganar maza.

Dan_Katagum:
Batun Ostireliya ya tuna min da dokar surukuta. A yankin Arewa na ƙasar, inda aka kafa hukumar tafintocin 'yan asali a 2000, akwai dangin da mutum bai isa ya yi magana da su ko ya ambaci sunansu ba, akwai kuma al'amuran da na mata ne zalla ko na maza zalla. A harshen da masu shi ɗari biyu ne, kowa dangin kowa ne. Don haka kafin a tura tafinta dole a faɗa masa sunan mutumin, garinsa da abin da za a tattauna, ya ce zai iya ko ba zai iya ba. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, mun san kunyar suruki da ta ɗan fari.

Binta_Bauchi:
Tunda an zo gida, a yi hattara. A nan Hausa ce ke matsayin Sifaniyanci. Ajawa na jihar Bauchi sun koma Hausa tun tsakanin 1920 da 1940, wasu ƙananan harsuna na Bauchi da Filato da Gombe na kan hanyar. Sashe na 36(6)(e) na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta, amma a aikace ana ɗauka kowa na jin Hausa, ko da Hausar kasuwa ce kawai matar ta iya. Ɗalibin da ke son wannan fage zai iya karanta Peru da Meksiko don koyon hanya, ya yi aikinsa a asibitin haihuwa a Tafawa Ɓalewa ko Kaltungo. Sai dai kalmar "ɗan asali" a Nijeriya ta shafi takardar ƙaramar hukuma da rikicin da ke tattare da ita, ba ma'anarta ɗaya da ta Amurka ba. Gara a ce ƙananan harsuna.

Farfesa_MG:
Malama Safiyya ta yi tambaya kan aiki, ba a amsa ba. Malaman da suka ce babu sashe suna da rabin gaskiya. Jami'a sashe take ɗauka wa ma'aikaci, ba maudu'i ba. Don haka a zaɓi gida ɗaya tun farko: ko nazarin fassara da tafinta, ko kimiyyar harshe ta zamantakewa, ko nazarin ɗan Adam. A tabbatar ana iya koyar da darussan tushe na wannan gidan, a buga maƙala biyu a mujallunsa kafin a gama. Sauran biyun su zama abin da ya bambanta ka. Digirin kan ɗauki shekara 3 zuwa 4 a Turai, 5 zuwa 7 a Amurka, bayansa galibi kwantiragin bincike ne na shekara biyu ko uku kafin kujera ta dindindin. Wuraren da suka ƙware akwai CIESAS a Meksiko, PROEIB Andes a Cochabamba ta Boliviya, Jami'ar Victoria a Kanada mai digiri na biyu a farfaɗo da harsunan 'yan asali, da Jami'ar Hawayi da ke shirya ICLDC, taron naɗa da adana harsuna, duk shekara biyu tun 2009.

Kuɗi kuwa a san wa ke biyan me. ELDP, cibiyar ba da tallafi kan harsunan da ke shirin ɓacewa, da ta tashi daga jami'ar SOAS ta Landan ta koma Balin a 2021, naɗa da adana harshe take ɗaukar nauyi, ba horar da tafinta ba. Malamin jami'ar gwamnati a Nijeriya na iya neman TETFund. A kasafin a sa ladan masu rubutawa da masu dubawa a kan awa, shi ne kaso mafi girma kuma shi aka fi mantawa.

Maman_Ilham:
Farfesa, Allah ya ƙara girma, akwai abin da kwamitin ƙarin girma ba ya ƙirgawa: littafin horar da tafintoci, ƙamus na asibiti, bita a ƙauye. Su al'umma ke so, jami'a kuma maƙalar Turanci take so. Ana rage asarar ta hanyar sa tafintocin a matsayin abokan rubutu, da rubuta maƙala a kan yadda aka yi littafin horon. Roxana Quispe Collantes ta kare kundin digiri na uku da Kechuwa a Jami'ar San Marcos a 2019, ke nan ƙofar ba a rufe take ba.

Abu_Hafsat:
Har yanzu ina ganin baƙon da bai iya harshen ba bai kamata ya jagoranci irin wannan aiki ba. Yana nazarin kuskuren tafinta ta bakin wani tafintan.

Safiyya_Harshe:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Abin da ya rage min shi ne takardar amincewa. In matar ba ta karatu, kuma tafintan da zai karanta mata takardar shi ne wanda ake nazari, ya ake yi?

Dakta_Zinariya:
Ba shi zai karanta ba. A samo mace daban, daga wani gari mai kari ɗaya, wadda ba ta cikin binciken. A naɗi amincewar da baki, a harshen matar, a wata rana kafin ranar naɗa, ba mijinta ko ma'aikacin asibiti a ɗakin. A raba tambayoyin: kin yarda a naɗa? Kin yarda a rubuta? Wa zai iya saurara, mu kaɗai ko ɗalibai ko kowa? A nemi ta maimaita da bakinta abin da ta fahimta, in bai yi daidai ba a sake bayani. A gaya mata wanda za ta je wurinsa a garin in ta canza ra'ayi, da ranar ƙarshe da za a iya cire muryarta. Canza suna kaɗai bai isa ba a ƙaramin gari, murya da karin harshe na tona mutum, don haka a rumbun adana irin su AILLA ko ELAR a kulle fayil ɗin a matakin da sai da izini. Shi ma tafintan a karɓi tasa amincewar daban, a rubuta cewa ba za a miƙa kurakuransa ga hukumar da ke ba shi aiki ba. A nemi kwamitin ɗa'a ya amince da amincewar baka tun a takardar farko, don in an bari sai an isa fili, komawa neman gyara kan ci watanni.